Asabar a Kan Kufena

Daga Tawa na zo karatun likitan dabbobi.
Wata huɗu, Zariyata ba ta wuce Samaru ba:
ɗaki, aji, teburin mai shayi, ɗaki.

Ran Asabar Tanimu ya ƙwace littafina,
ya ce, "Baƙon da bai hau Kufena ba,
me zai faɗa in ya koma gida?"

Muka bi ta Wusasa,
da rake biyu da gorar ruwa.
Ruwan daren jiya ya wanke dutsen,
gansakuka ta ɗana tarko.
Sau biyu na zauna ban yi niyya ba,
Ladidi na dariya har da riƙe ciki.
Na tuɓe silifas, na hau da tafin ƙafa
yadda nake bin awakin Inna a Adar.

Ƙadangare ya gyaɗa mini kai.
Na ce, "Na gani, kai ɗan gari ne."

A sama iska ta kwashe mana magana.
Ga rimaye tsaitsaye kamar dattawa a ƙofar masallaci,
ga dawa kore shar har inda ido ya gaji.
Na juya arewa ina neman garinmu,
hadari kawai na gani yana haɗuwa.

Na kira Inna. Ta ce "Wa ke nan?" layi ya yanke.

Na jefa tsakuwa ɗaya a aljihu,
muka sauko, ruwa na bin sawunmu.
Ga ta nan har yau a kan tebur,
tana danne shafin da ban ƙarasa ba.