Ciwon Aro

Ran Talata nakan sauke tukunyar ɗanwake da wuri,
in hau kabu-kabu daga Badariya zuwa asibiti,
in je in kwanta ciwon da ba nawa ba.

Dakta Illo ya ba ni takarda, jikata ta karanta mini:
sunana Hajjo, shekara arba'in da biyar,
zafi ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
kwana uku, yana tashi in na ci maiƙo.
Abin da ba a tambaya ba, kada in faɗa.

Ƙararrawa ta kaɗa. Kowane yaro minti takwas.
Wani ya shigo da gumi har gira,
ya haddace littafi kaf, ya manta sallama.
Wani ya danna mini ciki kamar mai tayin kankana.
Wata ta yi ta zubo Turanci
har na ce, "'Yar nan, hantata ba ta yi boko ba."

Da, in ji su, gawa suke fara sani kafin mai rai,
shekaru sai allo da ƙashi da hadda.
Gawa ba ta cewa wayyo, ba ta jin kunya,
ba ta ɓoye cewa ta sha jiƙo.
Yanzu an ce su fara da mu.
Har maki nake bayarwa, ni da ban taɓa zama aji ba:
Ya gaishe ni? Ya nemi izini kafin ya ɗaga zane?
Ya bar ni na kai aya?

Ina dangwala yatsa ina tuna Ango, uban 'ya'yana,
shekarar da gulbi ya cinye mana shinkafa.
Likitan bai ɗago kai daga kati ba.
Ya rubuta magani mai kyau, mai tsada,
na cutar da ba ita ba.

Ta ƙarshe yau Saratu ce, 'yar Zuru.
Sai da ta murza tafukanta suka yi ɗumi ta taɓa ni.
Ta gano ciwon Hajjo tun a minti na biyar,
sannan ta yi shiru tana kallon wuyana.
"Inna, wannan kumburin fa, yana cikin takarda?"

Ƙararrawa ta kaɗa. Ba ta motsa ba.
Na ja mayafi, na ce, "Wannan ba na Hajjo ba ne.
Na Ige ne. Wata bakwai ke nan."

Ta jawo kujera ta zauna.
Dakta Illo ya dubi agogo,
ya kwance shi, ya sa a aljihu.