Ɗinkin Ƙarfe a Filin Gwanjo

Asabar ce a Yorkton, dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri.
Filin gwanjo ya cika da ƙarafa a jere:
bokitan loda, cokulan ɗaukar dammunan ciyawa,
garmar ture ƙanƙara, haƙoran tonon ƙasa,
kowanne da lamba a wuya kamar ragon sayarwa.

Kakana Orest Danyliuk ya zare safar hannu ɗaya.
A wannan sanyi! Na ce, Dido, yatsunka fa.
Ya ce, Larysa, ido yana ganin fenti ya rikice,
yatsa kuwa ba ya cin hanci.

Muka tsaya kan wani bokiti rawaya,
sabo fil, yana ɗaukar ido.
Ya bi waldar da ɗan yatsa, a hankali,
kamar mai karatu a duhu.
Kyan ɗan maciji, in ji shi.
Ji nan, wuta ta ci gefe ta bar kwari,
daga nan tsaga za ta tashi.
Ga huji-huji kamar gara ta yi wa itace:
iska ta shiga, ko ba a kankare tsatsa ba.
Wannan kuma tudu ne kawai,
ya kwanta a sama kamar ƙadangare kan dutse,
bai ratsa ba, bai kama komai ba.

To wanne ne mai kyau?

Wanda ya tafi da taki ɗaya kamar kitson gwana,
ba kumburi, ba rami,
ya narke cikin ƙarfen dama da na hagu
har ka rasa inda baƙo ya ƙare, ɗan gida ya fara.
Ka leƙa ta baya ka ga sawun zafi.
Ka duba inda ya tsaya, don a nan rago ke gudu.

Ya ba ni labarin Wendell Prokop,
da kunnen bokiti ya ɓalle masa da dutse a sama.
Yau da sanda yake zuwa coci.
Ƙarfe ba ya yin gargaɗi sau biyu.

Can ƙarshen layi, kusa da shingen waya,
wata tsohuwar garma ta jingina, ba mai taya ta.
Dido ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya haska tocila, ya ja tsaki.
Wane ɗan ganin dama ne ya yi wannan aika-aika?
Kashin maƙera a binne a ciki,
tartsatsi ko'ina kamar an watsa gero,
ga shi ya fara, ya tsaya, ya sake farawa
kamar mai in'ina.
Wannan hannun, da a shagona ne, tsintsiya zan ba shi.

Ya sa wuƙa yana kankare tsatsa don in gani da kyau.
Sai wuƙar ta tsaya.

Haruffa biyu, bugun kurfi da guduma,
O da D,
da shekarar da aka haifi babana.

Mai gwanjo yana ta zuba kamar ruwan indararo.
Numfashin Dido yana fita fari, yana ɓacewa.
Ban ce laifi tudu ne ba.
Na dai dubi takalmina.

Ya daɗe kafin ya ce,
lokacin girbi ne, da dare, ina da ashirin da uku,
mai gonar yana tsaye a kaina da fitila.
Ya sake shafa ɗinkin.
Shekara hamsin, kuma ba ta saki ba.
Sa'a ce, Larysa. Kada ki kira ta gwaninta.

Da aka zo kanta, hannu ɗaya ne ya tashi,
wanda ba safa, ya yi jawur.
Dala tamanin.

A hanyar gida garmar tana kwaramniya a bayan mota.
Ba mu da gona, ba mu da tarakta.
Ya ce gobe zai goge waldar har ƙasa,
ni zan riƙe wuta,
shi zai tsaya a kaina,
ba zai ce in yi sauri ba.