Ramuwar Dutse

Shekara talatin da ɗaya ina saran farin dutse
a tsaunin Karara,
guduma ba ta taɓa kufce mini ba.
Jiya kofin gahawa ya kufce.

Fiorenza ba ta tambayi inda ke ciwo ba.
Babban yatsanta ya bi sangalin hannuna
kamar mai laluben tsaga a dutse,
ya tsaya kan tudun gwiwa.
Na cije leɓe.

"Nan jijiya ta kama ƙashi, Ottavio.
Ka bugi dutse, dutse ya rama,
a nan ramuwar ta taru."

Ta juya tafina sama, ta kifa shi,
ƙasusuwa biyu suka gitta, suka warware.
Wani abu ya ce ƙas.
Ɗumi ya gangara har ƙaramin yatsa.

"Mako shida, ba guduma."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Yanzu ina bakin ƙofa
ina matsa lemo a tafi, sau ashirin,
ƙarar aikin wasu tana saukowa daga tsauni.
Jikata Nives ke ɗaure mini takalmi.