Ƙidayar Ɗigo

Ƙarfe biyu saura na dare
Illa, mai gadin siton gyaɗa a Ɗan Gulbi,
ya bugi ƙofa da gwiwar hannu,
don hannuwan suna rungume da kwalin tumatir.
Cikin kwalin, kyanwa.
Ta ci ɓeran da ya ci guba.

Na ɗaga leɓenta da babban yatsa:
dasashi fari fat, kamar an wanke shi da toka.
Kunne sanyi ƙalau.
Numfashi guntu-guntu,
irin na wanda ake bi bashi.

Likita Rabo yana Tibiri wurin zaman makoki.
Sau bakwai wayarsa ta yi kuka kafin ya ɗauka.
"Tsahara, ai kin san aikin.
Auna ta, sa mata ruwa, ba ta allurar tsai da jini.
Ina tafe da asuba."

Kilo biyu da ɗan ɗoriya.
Na aske gashin ƙafar gaba,
na ɗaure da roba, na shafa barasar asibiti,
ina neman jijiya
wadda ta fi zaren ɗinkin hula siranta.
Na soka, ta gudu.
Na sake, ta gudu.
Nan kuran ya ɗauke.

Illa ya haska min da wayarsa,
hasken yana rawa saboda hannunsa yana rawa.
Na ce: jingina da bango, ka daina kallon idonta.
A na uku jini ya leƙo bakin allura,
ɗan ja kaɗan, bai kai ƙwayar gero ba.
Ban taɓa murnar ganin jini haka ba.

Sai ƙidaya.
Ɗigo, in ja numfashi shida, ɗigo.
In ya yi sauri huhunta ya cika,
in ya yi jinkiri ta bushe a hannuna.
Na cika kwalbar lemo da ruwan ɗumi,
na naɗe da tsohon kallabina, na sa a bayanta.
Yatsa biyu a cinyarta, ina jin bugun
kamar ƙwanƙwasar baƙo mai kunya.

Kejin kusa da ita babu kowa.
Jiya ɗan kwikwiyon wani mahauci ne a ciki,
na yi masa wannan ƙidayar har azahar,
bai tashi ba.
Na wanke kejin sau biyu. Har yanzu ba na son kallonsa.

Illa ya ce abokan shayinsa sun yi dariya:
kyanwa ce fa, ka jefar a gulbi ka samo wata.
Ya ce shekara huɗu su biyu ke gadin nan,
ita ce ba a biya.
Ya ciro jika biyu daga cikin hularsa.
Na ce ya mayar, sai gari ya waye a yi lissafi.

Kiran assalatu ya taso daga Mokoyo.
Na sake ɗaga leɓen:
ba ja ba tukuna, amma ba toka ba,
kalar cikin gwaiba wadda ba ta gama nuna ba.

Na tsoma yatsa a ruwa, na kai bakinta.
Shiru.
Sannan harshe, mai kaushi kamar magagari,
sau ɗaya.

Na rubuta a takarda: biyar da kwata, ta lasa.
Ban rubuta ta warke ba.
Na koma kan ɗigo.