Layin Lilo a Kofenhagen

Rediyo ya ce sanyin yau ba na wasa ba ne,
na ce wa Birthe, "Wurin namu ne mu kaɗai."
Ashe rabin gari sun ji abin da na ji,
kowa ya yi dabarata, ya riga ni isa.

Uku da rabi rana ta naɗe tabarmarta.
Fitilu suka kama,
numfashin jama'a na tashi kamar tururin tukunya.
Muna layin babban lilo,
taku ɗaya, tsayuwa, taku ɗaya.
Aksel a wuyana, takalminsa na jiƙa mini kwat.
Thyra ta yar da safar hannu ɗaya,
na cusa yatsunta a aljihuna.

Minti hamsin. Saura mutum shida.
Sai iska ta taso daga teku,
saurayi mai jar hula ya ja sarƙa:
"An rufe, sai ta lafa."
Wata tsohuwa ta yi dariya har da tari.

Muka raɓe a rumfa,
koko mai zafi, kofi biyu, mu huɗu,
dusar ƙanƙara na faɗawa ciki tana narkewa,
ni kuwa ina lissafin kuɗin tikiti a zuci.

A jirgin komawa na tambayi Thyra
abin da ya fi burge ta.
Ta ce, "Agwagwar da ta sauka a tafki,
ta zame, ta faɗi zaune."

Aksel ya yi barci tuni,
safar da muka nema tana cikin hularsa.