Sunaye a Bakin Lungu

Sun kawo mini fallen kwano goma sha ɗaya
da gwangwanin fenti, shuɗi da fari,
suka ce: Rubuta, kai ne mai hannu.
Unguwa ta zauna ta yanke shawara,
kowane lungu zai ɗauki sunan wani namu.
Na jera su a ƙofar shagona a Kwarbai,
na tsoma buroshi, na yi bisimilla.

Ta farko Tasalla ungozoma.
Ita ta yanke cibiyata, ta yanke ta ɗana.
Shekara arba'in da tocila a hannu,
ko ana tsuga ruwa ba ta cewa a bari sai da safe.
Rabin dattawan da ke majalisar nan
ita ta fara jin kukansu.
Na ja harafin farko a hankali
kamar yadda take tallabe jariri.

Sai Cindo mai haƙan kabari,
wanda ba ya tambayar wa ya rasu
kafin ya saɓa diga.
Attajiri da mai tura baro,
kara ɗaya yake auna su da shi.
Wani ya ce sunan zai tsorata baƙi.
Na ce: duk lungun da ka bi a garin nan
ai can wajensa yake ɓullewa.

Rifkatu ba a nan aka haife ta ba.
Daga Wusasa ta zo, shekarar amai da gudawa,
ta rataya ledar ruwa a reshen darbejiya,
ta kwana tara a kan tabarmar aro.
Liman da kansa ya ce a sa ta,
kuma a sa ta kusa da masallaci.

Ɗanlasan maɗinki, idonsa ya tafi a kan allura,
yara saba'in sun fita ta zaurensa da sana'a.
Har yau in ka miƙa masa riga
zai shafa aska tara da yatsa,
ya ce wannan hannun Zazzau ne,
wannan kuwa inji ne ya yi ƙarya.

Barmo, da ya tsamo yara uku daga Kubanni
ranar da ta cika ta batse,
bai iya boko ba.
Ya zo ya tsuguna gabana, fenti bai bushe ba,
ya ce: Nuna mini inda na fara.
Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.
Ya ce: Ashe ban da tsawo.

Malam Nalado mai koyar da lissafi
shi kaɗai ya ƙi.
Ya ce: Ku zuba kuɗin a kwalbati,
sunana ba zai hana ruwa shiga ɗaki ba.
Muka gyara kwalbatin.
Da dare kuma muka kafa allon.
Da safe ya wuce bai ɗaga kai ba,
amma na ga ya gyara zaman hula.

Takarda ta ƙare a na goma,
falle guda ya rage.
Na shafe shi da shuɗi, ban rubuta komai ba,
na kafa shi a lungun da yara ke buga ƙwallo.
Suna tambaya: Baba, na wane ne?
Ina cewa: mai shi bai gama girma ba.

Jiya da la'asar na ji wani baƙo
yana neman gidan biki.
Ɗan acaɓa ya ce masa:
Bi Tasalla har ka ƙure,
ka bar Cindo a hagu, kada ka shiga,
in ka ɓata, tsaya a Barmo,
a nan ba wanda ya taɓa nutsewa.