Kunnen da Ya Biya Kuɗi

Shekara ashirin da bakwai ina shaƙar hayaƙin dalma
a wata rumfa bayan Tsohuwar Kasuwa, nan Gombe,
inda rediyo ke zuwa a mace, ya koma gida yana surutu.
Babayo sunana. Mai gyara.

Wata Laraba Jungudo ya tsaya a ƙofata,
lasifika biyu a bayan mota, an lulluɓe su da bargo
kamar masu zazzaɓi.
Ya miƙo ƙunshi daga Legas, ko daga gaba da Legas:
kwandensa huɗu, kowacce kamar kwalbar turare,
bakinsu ruwan zinariya,
da waya wai azurfa ce zalla, ba ta san tagulla ba.
Kuɗinsu, in ji shi, sun sayi maraƙi a Tike.
"Cire na kamfani, sa waɗannan.
So nake in ji yatsan mai gurmi
lokacin da yake sauka kan tsirkiya."

Na buɗe akwatin farko.
Yanar gizo. Gidan zanzaro a gindin maganaɗisu.
Sukuru biyu sun kwance, takarda ta tsage ta gefe.
Na share, na ɗaure, na liƙe da gam,
na yi wa ɗayar haka.
Sai aka ɗauke wuta.
Sai ƙanina ya bugo, wai an kwantar da Inna a asibiti.
Na mayar da murfi da hannu,
hankalina ya riga ni hawa babur.
Washegari yaron shago ya sallami mai kaya.

Kwana tara, ga Jungudo da goro da tukwici.
"Babayo, Allah ya bar mana hannunka!
Jiya na ji wani ya yi tari a bayan makaɗa,
shekara goma ina da kaset ɗin nan, ban san da shi ba.
Kalangu ya fito fili, sarewa ta wanke fuska.
Abu mai tsada ba ya ƙarya."

Na ja aljihun tebur in ɗauko masa rasit.
Ga su nan, su huɗu, kwance a ledarsu,
zinariyarsu tana kallona.

Harshena ya yi nauyin taransifoma,
amma na ɗaga shi.
Ya dubi ledar, ya dube ni, ya tauna goron da ya kawo mini.
"To wa ya yi tarin?" ya ce.

Ranar Asabar muka sa su a guda ɗaya, muka bar guda.
Ya juya baya, ya fuskanci bango,
ina sauya waya ba tare da na ce uffan ba.
Sau goma. Biyar ya ci, biyar ya faɗi,
kamar mai jefa kwabo sama.
Na zauna a kujerarsa, ni ma haka,
ni da janareton maƙwabta ya cinye wa rabin kunne
tun kafin furfura ta iso.

Sai ga Dudu, 'yata, da kwanon abinci,
shekararta tara, ba ta san farashin komai ba.
Ta karkata kai, ta ce, "Akwai bambanci mana.
Kamar ruwan randa da ruwan tulu."
Muka ce wanne ya fi?
Ta ɗaga kafaɗa. "Duk ruwa ne, Baba. Miyar tana hucewa."

Jungudo ya ce a sa sauran biyun, tunda an saya.
Na sa. Ya biya. Har yau yana yabon sautinsu,
ban kuma taɓa ce masa ƙarya yake ba,
don yanzu zama yake ya saurara, da can kunnawa kawai yake.

Gidan zanzaron yana nan kan kanta,
kusa da gwangwanin sukurori.
Ban san dalilin da ya hana ni yar da shi ba.